Sabbin ɗaliban BUK, ga yadda zaku bi zangon farko daki-daki

Duk shekara idan sunayen admishan suka fito zakaga gidaje sun cika da murna, 'yan uwa na ta kira ana Allah ya sanya alheri Allah yasa a gama lafiya, amma da wuya ka samu wanda zai zaunar da yaron nan ko yarinyar nan ya gaya musu abinda zasu tarar idan sun shiga. Kuma wallahi mafi yawan ɗaliban da nake gani suna shan wahala a aji biyu da aji uku, in ka bibiyi matsalar tasu zaka tarar tun makonni shida na farko ta samo asali, takarda ce ba'a gyara ba, ko kwas ne ba'a yi rajistarsa daidai ba, ko tes ne aka yi mutum yana gida yana jiran "a fara karatu sosai". Ƙwaƙwalwa kam suna da ita, wanda zai faɗa musu ne basu samu ba. Shi yasa na zauna na rubuta wannan, a BUK, wato Jami'ar Bayero ta Kano, nayi karatu don haka da ita zan yi misali, amma ɗan ABU ko Danfodiyo Sakkwato ko Dutse ko Maiduguri ma zai tsinci abinda zai amfane shi, tsarin kusan ɗaya ne.

Tun kana gida, kafin ka ɗaura jaka

Ƙanena abu na farko, kar ka tsaya akan cewa ka ga sunanka a fotal ɗin makaranta ko wani ya turo maka hoton lis a WhatsApp. Shiga shafinka na JAMB, ɓangaren da ake kira CAPS, ka tabbatar admishan ɗin ya bayyana a can, ka danna ka amsa, sannan ka fitar da takardar admishan ta JAMB da takardar sakamakonka ta asali. Tun 2017 JAMB ta kawo wannan tsarin kuma duk admishan ɗin da bai bi ta nan ba to bata san da zamansa ba. Illar bazata nuna yanzu ba, sai ka gama shekara huɗu ko biyar lokacin tafiya bautar ƙasa yazo a duba a ce babu sunanka a jerin ɗaliban da JAMB ta sani, abokanka su tafi kamp kai kana yawon ofis-ofis.

Bayan wannan ka baje takardunka gaba ɗaya a tabarma ka karanta sunanka a kowacce, harafi bayan harafi. Mu Hausawa wannan matsalar tafi cin mu, WAEC ta rubuta Mohammed, JAMB ta rubuta Muhammad, NIN kuma Muhammadu, ko a wata takardar sunan baba ne a ƙarshe a wata kuma sunan kaka ko sunan gari. Mata ma haka, Aisha a nan Aishatu a can, Hauwa da Hauwa'u. Ranar haihuwa ita ma ka duba. Idan akwai saɓani ka fara neman gyara tun yanzu, ko takardar rantsuwa ta kotu ko gyara a ofishin da abin ya shafa, kar ka bari sai kana tsaye gaban mai tantancewa da dogon layi a bayanka.

Takardun da zaka haɗa sune takardar admishan ta JAMB da ta makaranta, sakamakon JAMB, sakamakon WAEC ko NECO ko NABTEB, takardar haihuwa ko ta shaidar shekaru, takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukumarku, silif ɗin NIN, takardar gama firamare da ta sakandare in kana dasu, sai hotuna fasfo da yawa. Masu shigowa aji biyu kai tsaye, wato 'yan DE, ku ƙara da sakamakon NCE ko difloma ko IJMB. Kowacce kayi mata fotokwafi kamar biyar, ka sayi fayil na roba mai maɓalli ka zuba na asali daban kwafi daban. Sannan ka ɗauki hoton kowacce da wayarka ka tura wa kanka ta imel, saboda waya tana ɓata imel kuwa yana nan. Na asali a nuna ake yi a dawo maka dasu, kar ka bar su a hannun kowa.

Biyan kuɗi da rajista ta intanet

Kuɗin makaranta ta fotal ake fitar da takardar biya, zata zo da lambar Remita da ake kira RRR, da ita zaka biya a banki ko ta waya. Babu wani ma'aikaci ko ɗalibi da aka ɗora wa karɓar kuɗin makaranta a asusunsa na kansa, duk wanda yace turo min in biya maka, ko yace yana da hanya a sama zai canza maka kwas zuwa likitanci in ka bada kaza, ɗan damfara ne ko da kuwa da sallama da ayoyi ya fara maganarsa. Lokacin shigar sabbin ɗalibai kasuwarsu take ci, guruf-guruf na WhatsApp suke buɗewa da sunan makaranta da tambarinta. Sanarwar da zaka yarda da ita ita ce wadda take shafin makaranta ko take manne a allon sanarwa na fakalti.

In a kafe zaka yi rajistar, kuma yawancinmu can muka yi, to ka zauna kusa da mai cikewar idonka akan kwamfutar. Lambar wayarka za'a sa, imel ɗinka za'a sa, ba nasa ba. Kalmar sirri kai zaka zaɓa ka rubuta a wani waje, in an gama ka canza ta. Suna aiki da sauri ne saboda mutane sun yi musu yawa, cikin saurin nan ake sa wa mutum jihar da ba tasa ba ko a juya masa suna. Kafin ya danna tura ka ce ya tsaya ka karanta. Duk abinda aka fitar, rasit ne ko fom ne, kwafi biyu aƙalla, kuma rasit ɗin aji ɗaya ka adana shi har ranar da zaka karɓi shaidar gama digiri domin a kiliyarans na ƙarshe ana iya tambayarsa.

Ka san inda kake

BUK ba waje ɗaya bace. Akwai tsohuwar makaranta da kowa ke cewa Old Site a kusa da Kabuga, akwai sabuwa wato New Site can gaba akan titin Gwarzo, sannan masu karatun likitanci in sun kai matakin asibiti suna komawa Asibitin Malam Aminu Kano akan titin Zariya. Kimiyya galibi a Old Site take, su injiniyarin da noma da ilimi da shari'a da kimiyyar zamantakewa suna New Site, nan ne kuma ginin sanet yake. Makarantar ta faro ne a 1960 a matsayin kwaleji, ta zama ɓangare na ABU a 1962 da sunan Kwalejin Abdullahi Bayero, a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a, shi yasa zakaga gine-ginen Old Site sun tsufa kuma sun matsu kusa da juna, New Site kuwa fili ne fetal, daga wani fakalti zuwa wani tafiya ce mai kyau musamman da rana.

Akwai motocin da suke jigila tsakanin biyun, akwai kuma adaidaita sahu, amma da safe ana cunkoso, in kana da lakcar ƙarfe takwas a ɗaya ɓangaren to bakwai ta same ka a tasha. Shawarata ka ware yini guda kafin karatu ya kankama ka taka da ƙafarka, ka gano dipatmen ɗinku, ofishin lebul kodineta wato malamin da ke kula da ajinku, manyan tiyatocin da ake lakca, laburare, asibitin makaranta, ofishin kula da harkokin ɗalibai, masallaci ko coci, da banki. Baƙo ko da ido makaho ne, don haka ka tambaya, masu gadi da masu shara da masinjojin ofis sun fi kowa sanin lungunan makarantar nan, ka gaishe su da ladabi zasu nuna maka har ƙofa.

Ranar tantancewa ka fito da sassafe, ka ci abinci, ka riƙo ruwa da biro biyu da abin manna hoto. In aka ce wani fom ɗin sai wane ya sa hannu kuma baya nan, ka tambayi yaushe yake zama ka rubuta, ka wuce wani abin. Kar ka ba kowa fayil ɗinka da sunan zai shigar maka ta baya.

Wajen kwana

Gadajen hostel basa isar ɗalibai, haka abin yake a kusan duk jami'o'in gwamnati, saboda haka da ka gama biyan kuɗin makaranta ka sa ido akan ranar da za'a buɗe neman gado, ranar ka kasance da data da caji. In ka samu to ni dai ina ganin ɗan aji ɗaya ya fi dacewa da zaman cikin makaranta, kana kusa da aji, kuɗin mota ya ragu, akwai tsaro, kuma labarin an sa tes gobe ko an canza wajen lakca a hostel yake fara yawo. Kar ka sayi gado a hannun wani ɗalibi, doka ta hana, ranar da aka zo bincike kai da shi duk zaku shiga uku.

In baka samu ba sai zaman waje, wanda ɗalibai ke cewa of-ke. 'Yan New Site sukan nemi ɗaki a Danbare ko Rimin Gata ko Rijiyar Zaki, 'yan Old Site kuma Janbulo ko Kabuga ko Ɗorayi. Kar ka biya kuɗin ɗakin da baka gani da idonka ba. Kaje da rana ka koma da daddare, ka tambayi waɗanda suke ciki ina suke samun ruwa, nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka, wuta fa, in anyi ruwan sama layin yana shiguwa, sannan ka karɓi rasit daga mai gida ko wakilinsa na gaskiya. Ku haɗu biyu ko uku ku raba kuɗin ya fi sauƙi.

Kaya kuma kar ka kwaso gida gaba ɗaya. Ƙaramar katifa, gidan sauro, zanin gado biyu, bargo saboda hunturun Kano daga Disamba zuwa Fabrairu ba wasa bane, bokiti, buta, kwaɗo mai kyau, tocila, fawa bank, tukunya ɗaya ko biyu da faranti da cokali. Kafin ka sayi risho ko gas ko hita ka fara jin dokar hostel ɗin akan girki. Katifa in ta hannu ce ka shanya ta a rana ka fesa magani saboda kuɗin cizo.

Zaman ɗaki da mutanen da baka taɓa gani ba shi kansa karatu ne. Zaka iya haɗuwa da ɗan Legas, ɗan Binuwai, ɗan Maraɗi, wani baya jin Hausa wani ba addininku ɗaya ba. Tun satin farko ku zauna ku yi magana a fili, wa zai yi shara yaushe, ƙarfe nawa ake kashe fitila, ana kawo baƙi ko a'a, abinci haɗawa za'a yi ko kowa tasa ta fisshe shi. Abinda ba'a faɗa ba a satin farko shi yake zama gaba a wata na uku.

Rajistar kwasa-kwasai

Nan ka nutsu sosai. Kowane aji a kowane dipatmen yana da malamin da aka ɗora wa kula da shi, lebul kodineta, shi ne ubanka a makarantar nan ta fuskar karatu. Kaje ka gaishe shi ka karɓi jerin kwasa-kwasan da ya kamata ɗan aji ɗaya ya ɗauka, akwai na dole akwai na zaɓi, akwai kuma na GSP da kowa da kowa yake yi kamar Turanci. Kar ka kwafi fom ɗin abokinka don kuna fakalti ɗaya, kar kuma ka dogara da na wanda ya gabace ka da shekara biyu domin manhaja tana canzawa, a 2022 hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta kawo sabon tsarin da ake kira CCMAS lambobin kwasa-kwasai da yawa suka sauya. Ka duba lambar kowane kwas da yawan kiredit ɗinsa, wato nauyin da aka ba kwas ɗin a lissafin maki, su dace da abinda kodineta ya baka, ka fitar da fom ɗin a sa hannu a buga hatimi ka ajiye kwafinka.

Abinda ya sa nake nanata wannan, in ka zauna jarabawar kwas ɗin da baka yi rajistarsa ba sakamakon bazai shiga ba, in kuma kayi rajistar kwas baka zauna ba F ce zata fito ta ja maki ƙasa. Akwai ɗan lokacin da ake bayarwa na ƙari da ragi, ad an dirof, in ka ga kuskure a cikinsa ake gyarawa, in ya wuce ya wuce. 'Yan DE ku tambaya musamman ko akwai kwasa-kwasan aji ɗaya da aka wajabta muku ɗauka.

Taron wayar da kan sabbin ɗalibai da ranar matirik kaje duka biyun. A na farko ake raba ko a yi bayanin littafin dokokin ɗalibai, dokar sutura, dokar jarabawa, abinda ke sa a kori mutum. A na biyu kake rantsuwa ka sa hannu ka zama ɗalibi na hakika. Hoto da riga da hula a yi, iyaye suna jin daɗinsa, amma ka tabbatar ka sa hannun kafin ka tafi wajen masu hoto.

Aji, tes da lissafin maki

A sakandare malami yana binka, a nan babu mai binka. Ba mai tada ka, ba mai tambayar me yasa baka zo ba, ajin GSP ma zaka iya samun ɗaruruwan mutane a tiyata ɗaya malami bai san fuskarka ba. Wannan sakewar ita take cinye yara masu ƙoƙari. Ka fara shiga lakca tun ranar farko ko da baka gama rajista ba, ka zauna a gaba inda zaka ji, ka karɓi lambar kilas ref, wato wakilin aji, a saka ka a guruf ɗin aji. A ƙa'ida sai ka halarci kashi 75 cikin 100 na lakcoci kafin ka cancanci zama jarabawa, wasu malaman suna ɗaukar suna da gaske, wasu kuma tes na ba-zata suke yi ranar da suka ga aji ya rame.

Makin kowane kwas 100 ne, 30 ko 40 daga tes da asaimen da furaktikal wanda ake cewa CA, sauran daga jarabawa. Wanda ya shiga jarabawa da 25 a aljihu da wanda ya shiga da 6 ba yaƙi ɗaya suke yi ba. A tsarin maki biyar da yawancin jami'o'inmu ke bi, 70 zuwa sama A ce maki 5, 60 zuwa 69 B maki 4, 50 zuwa 59 C maki 3, 45 zuwa 49 D maki 2, 40 zuwa 44 E maki 1, ƙasa da haka F babu komai kuma sai ka sake kwas ɗin baɗi, shi ne kari-oba. Ana ninka makin da kiredit ɗin kwas, a tara, a raba da jimillar kiredit, abinda ya fito shi ne GPA.

Bari in buga misali da kwas uku. Mai kiredit 3 ka ci A, 15 kenan. Mai kiredit 2 ka ci C, 6 kenan. Wani mai kiredit 3 ka faɗi, sifiri. 21 a raba da 8 ya baka 2.63. Da a ce wancan da ka faɗi C kawai ka samu, 30 a raba da 8 ne, 3.75. Kaga kwas ɗaya tak ya sauko da kai daga layin 2:1 zuwa 2:2. Waɗannan matakan digiri ne, fes kilas daga 4.50 yake farawa, 2:1 daga 3.50, 2:2 daga 2.40, ted kilas daga 1.50. Kuma tunda CGPA, wato GPA na duk zangunan da kayi a haɗe, tarawa ake yi shekara bayan shekara, abinda ka samu a aji ɗaya yana binka har ƙarshe, gashi kwasa-kwasan aji ɗaya sune mafi sauƙi da zaka gani, da yawansu maimaicin SS3 ne da ɗan ƙari. Duk wanda ya ce maka aji ɗaya hutu ne sai aji biyu ake dagewa, dan Allah kar ka saurare shi.

Yadda zaka yi karatun kuma, abinda aka koyar yau ka duba shi yau ko da na minti talatin ne. Ka nemi tsofaffin tambayoyin jarabawa a wajen 'yan aji biyu ko masu fotokwafi na fakalti. Ku haɗa guruf na mutum uku zuwa biyar masu son karatu, wanda ya gane ya koya wa saura. Tutoriyal da ƙungiyoyin ɗalibai da manyan ɗalibai suke shiryawa kyauta kaje. Kwana a aji ana karatu har asuba, TDB, yana yi wa wasu amfani amma in kaga washegari bacci kake a lakca to ba naka bane. In Turanci ne yake baka wahala, kuma da yawanmu da muka fito daga makarantun gwamnati haka muka shigo, kar kunya ta sa kayi shiru, ka sa ƙamus a waya, ka riƙa karanta handawut da ƙarfi kai kaɗai, ka yi tambaya a aji ko da Turancin ya karye, a wata uku zaka ji bambanci. Taken makarantar ma ayar Suratu Yusuf ce da take cewa a saman kowane mai ilimi akwai wanda ya fi shi sani, to tambaya a irin wannan waje ba abin kunya bace.

Aljihu da ciki

Kuɗin da aka baka daga gida ka raba shi tun ranar farko, na abinci, na mota, na fotokwafi da handawut, na data, da ɗan abinda zaka ɓoye saboda rashin lafiya. Girki ya fi sayen abinci arha nesa ba kusa ba. Garin kwaki, shinkafa, wake, taliya, manja, yaji, ƙuli-ƙuli da busasshiyar kuɓewa ko kuka in an haɗo maka daga gida sun rage maka rabin wahala. Satin farko kowa yana jin shi mai kuɗi ne, a sati na uku ake gane gaskiya.

Wanda gidansu babu hali, akwai bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka sa hannu akan dokarsa a 2024. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, in ka nema kuma akwai naira 20,000 duk wata na ɗawainiya, babu ruwa a kai, ana fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Zaka buƙaci lambar JAMB, NIN, BVN da lambar ɗalibta. Bashi ne dai, ku yi shawara da iyaye kafin ka cike. Ka kuma bibiyi hukumar tallafin karatu ta jiharku, ƙungiyar ɗaliban jiharku ko ƙaramar hukumarku su suka fi saurin jin an buɗe.

Lafiya da tsaro

Kaje asibitin makaranta ka buɗe kati tun kana da lafiya, ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai ba ranar cike fom bace. Mai sikila ko asma ko wani ciwo da yake tashi lokaci-lokaci ya sanar da asibitin da kuma mutum ɗaya a ɗakinsu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, ka yawaita shan ruwa, ku bar taga a buɗe, kuma zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya a wannan lokacin asibiti ake kaiwa nan take saboda sanƙarau, ba kemis ba.

A cikin gari ka kula da waya, ƙwacen waya matsala ce da kowa ya sani a Kano, kar ka riƙa latsa ta a bakin titi ko a cikin adaidaita da daddare. Katin shaidarka na makaranta ya kasance a jikinka kullum.

Abokai da ƙungiyoyi

Akwai MSSN ga Musulmi, akwai ƙungiyoyin ɗalibai Kiristoci, akwai ta dipatmen da ta jiha, duk waɗannan a fili suke aikinsu kuma makaranta ta san dasu, ka shiga ɗaya ko biyu zaka samu 'yan uwa da masu jan ka a karatu. Wadda za'a ce maka taronta sai dare a wani lungu kuma kar ka faɗa wa kowa, ka gudu. Haka wanda zai miƙo maka ƙwaya ko sirof yace yana taimakawa wajen karatu. Siyasar ɗalibai ka bari sai ka ga sakamakonka na farko tukunna.

Ƙannena mata, ke ma duk abinda na faɗa a sama naki ne, ga ƙari. Sabuwar ɗaliba idon mutane da yawa yana kanta, wani zai zo da sunan zai taya ki rajista ko zai koya miki karatu, ki karɓi taimako a fili cikin mutane, karatu a laburare ko aji, in zaki ofishin wani ki tafi da ƙawa. Duk wanda ya nemi ya haɗa makinki da wata buƙata tasa, ko waye shi, ki adana saƙonnin, ki faɗa wa iyayenki, ki kai maganar ofishin kula da harkokin ɗalibai ko wata malama da kika yarda da ita. Laifin ba naki bane kuma makinki haƙƙinki ne. Matan aure da masu goyo kuma ku sanar da kodineta halin da kuke ciki tun da wuri, ku samu ƙawa ɗaya a aji da zata riƙa sanar daku abinda ake ciki.

Ku kuma tsofaffin ɗalibai

'Yan aji biyu zuwa sama, da shugabannin ƙungiyoyi, wannan nauyin a wuyanku yake. Yaron da kuka gani tsaye da fayil yana waige-waige a bakin fakalti, wataƙila yau ne karonsa na farko a Kano, wataƙila shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a. Tsokanar jambito, wato sabon ɗalibi, da dariya bata ƙara muku komai. Ku ajiye tebur a bakin fakalti satin rajista, mutum biyu su zauna da jerin matakan da za'a bi a rubuce, ku zagaya dasu ku nuna musu wurare, ku tara tsofaffin handawut da tambayoyin baya ku basu kyauta, ku fara tutoriyal tun sati na uku kar ku jira jarabawa ta matso. Ku lura da wanda baya jin Hausa, da wanda ya zo daga Nijar Turanci bai zauna masa ba, da mai lalurar gani ko ta tafiya, da wanda kullum shi kaɗai yake zaune. Kowane tsohon ɗalibi ya ɗauki sababbi biyu ko uku ya karɓi lambarsu ya riƙa tambayarsu ya ake ciki, wannan kaɗai ya isa ya hana kari-oba da yawa.

Jarabawar farko da sakamako

Jadawalin jarabawa yakan fito na gwaji kafin na ƙarshe, ka duba in kwas biyu sun ci karo ka kai wa kodineta da wuri, kuma ka ci gaba da dubawa domin ana canza rana ko waje. Ka fitar da katin jarabawa, kaje wajen da minti talatin kafin lokaci, ka laluba aljihunka ka duba tafin hannunka da benci da ƙasan kujera, waya kuma kar ta shiga ko a kashe take. Satar amsa korar mutum ake yi akanta, kuma wanda ya bada amsa da wanda ya karɓa duk ana kama su. Ka rubuta lambarka daidai akan takardar amsa, ka sa hannu a takardar halarta lokacin shiga da lokacin miƙawa, ita ce shaidarka cewa ka zauna. In rashin lafiya ta hana ka zama, takardar asibitin makaranta zaka nema ka rubuta wa dipatmen a cikin kwanakin, ba bayan wata biyu ba.

Idan sakamako ya fito ka duba kwas bayan kwas ka gwada da fom ɗin rajistarka, ka lissafa GPA ɗinka da kanka kamar yadda na nuna. In wani kwas bai fito ba ko an sa maka baka zauna ba alhali ka zauna, ka rubuta takardar koke ta hannun kodineta, ka haɗa da kwafin fom ɗin rajista da katin jarabawa, ka sa ranar da aka yi jarabawar da ɗakin da ka zauna, ka riƙe kwafi ɗaya da aka sa wa hannun karɓa, sannan ka riƙa komawa kana tambaya duk sati har a gyara.